Tsarabar Alhaji Badaru

Garinmu ta ƙofa ɗaya yake shan ruwa. Tsakaninmu da kogin Haɗejiya akwai jinga, wato tudun ƙasa da kakanninmu suka ɗaga don kada ambaliya ta share mu, mu kuma muke ƙara mata buhunan yashi duk shekara. A jikin jingar aka bar kafa guda, ita muke kira Mashigin Gana. Ta nan ruwa ke shigowa fadamarmu. In mashigin yana buɗe mu yi shinkafa, mu kama kifi, shanu su sha. In ya toshe, sai dai mutum ya naɗe tabarmarsa ya nufi Kano dako. Mun ga haka da idonmu a garuruwan gabas da mu, wajen Baturiya, inda kacala ta cinye musu hanyar ruwa. Wanda bai san kacala ba, ciyawa ce doguwa da ta fi mutum tsayi. Ta tsaya a ruwa ta hana jirgi wucewa, tsuntsayen jan-baki kuma su yi gida a cikinta suna sauka a kan hatsin mutane.

Ni Shu'ibu, ni Bulama, mai garinmu, ya ɗora wa kula da mashigin nan. Ba sarauta ba ce, wahala ce. Duk rani ni ke tara gayya mu shiga da adda da lauje, ruwa iya wuya, matsattsaku na shan jininmu. Saboda haka ba na shiri da duk wani koren abu da ban san asalinsa ba.

Alhaji Badaru yayan matata Binta ne. A Haɗejiya yake zaune, shi ke shigo da injinan ban-ruwa da faifan sola daga ƙasashen gabas, kwantena-kwantena. Ba zan rage masa ba, mutum ne mai sakin hannu. Bai taɓa dawowa daga tafiya ya shigo garinmu haka nan ba. Wata shekara turare, wata shekara tocila, wata shekara agogon bango mai kiran sallah, wanda har yau na gidan Liman yake kiran azahar da hantsi.

A farkon bazarar shekarar da nake magana, sai ga shi da ƙatuwar kula a bayan mota. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin cediyar ƙofar gidan Bulama, gari ya taru. Ya buɗe kular da kansa. Ruwa ne a ciki, a samansa wata 'yar ciyawa tana yawo. Ta yi kama da kainuwa, sai dai ganyenta bai fi kunnen ɓera ba, da ɗan gashi-gashi a sama, saiwa na reto a ƙasa kamar gemun akuya.

Baƙo, makiyayin da ya fi kowa shanu da surutu a garinmu, ya leƙa ya ce, "Alhaji, bana miya ka kawo mana? To ina tuwon?"

"Wannan da kake gani," in ji Alhaji, "ita za ta raba ka da sayen dusa har abada. A gonar kifin mutumin da nake sayen injina a wajensa na gan ta. Ka zuba cikin hannu ɗaya a baro, kafin ka waiwayo ta cika shi. Saniya ta ci, agwagwa ta ci, kifi ya ci. Ba taki, ba noma."

Na ce, "Yaya aka yi ka wuce da ita a filin jirgi?"

"Aka ce mene ne a kular? Na ce tsaraba ce na kawo wa mutanen gida. Wa ke binciken tsaraba?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce abin da ke cika baro ba noma ba taki, me zai hana shi cika kogi?

"Ku rabu da Shu'ibu," in ji Baƙo. "Wannan ko alayyafo ya gani a miya, adda yake nema."

Ba a ƙin tsaraba. Aka kawo kwanuka da ƙore, Alhaji na ɗiba yana zubawa, kowane gida da rabonsa. Ni ma na miƙa kwanona, na ce Allah ya ƙara arziki. Ina shiga gida na juye shi a murhu, wuta ta yi cuu. Binta ta tsaya tana kallona da muciya a hannu.

"Tsarabar Yaya ce ka zuba a wuta?"

"Na karɓa, na yi godiya. Abin da ya rage nawa ne."

Ta daɗe ba ta yi mini magana ba sai ta dole.

Gaskiya kuma abin ya yi aiki, shi ne ma abin haushin. Kafin ruwan sama ya zauna, kowane gida akwai baro ko tsohuwar randa cike da kore. Agwagi suka yi ƙiba har suna tafiya kamar matan attajirai. Shanun Baƙo suka yi nono a lokacin da shanun ko'ina ke lasar ƙasa. Mata suka raɗa wa ciyawar suna badariya, daga sunan Badaru, Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. In na wuce majalisa sai a ce, "Sarkin adda, a ɗebo maka iri ne?"

Damina ta yi nisa, shinkafa ta kai gwiwa tana jiran ruwan kogi, sai ga wata farar mota a-kori-kura ta tsaya a gindin cediya. Alhaji Badaru ne ya fito daga kujerar baya. Ban taɓa ganinsa a bayan motar wani ba. Tare da shi wata mata ce mai dogon hijabi da takalmin roba, da maza biyu. Ta gaida Bulama har ƙasa, ta ce sunanta Zulfa, daga ofishin da ke kula da shigo da tsirrai ƙasar nan.

Ashe Alhaji ganin abin ya karɓu, sai ya yi niyyar shigo da ciyawar da yawa ya riƙa sayarwa. Wannan karon ya bi ta ƙofa. Ya aika musu da ita a kwalba yana neman izini. Suka duba, suka kira shi suka ce a ina ya samu wannan? Ya ce ai tana nan cike da garinsu.

Malama Zulfa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ciyawar nan an haramta shigo da ita. Ta ce a ƙasashen da ta shiga, takan rufe tafki ruf kamar an shimfiɗa bargo, kifi ya mutu a ƙasa, jirgi ya kasa motsi, saniya ta ɗauka tudu ne ta taka ta nutse. Ba ta bukatar iri. Guntun da bai fi farce ba in ya sami ruwa, ya isa. Ta ce dokar ƙasa da ta duniya duka abu ɗaya suka ce: duk abu mai rai da zai ƙetare iyaka, iri ne, ganye ne, saiwa ce, sai da takardar lafiya daga ƙasar da ya fito, da izini daga nan, sannan a killace shi a gani tukuna.

Bulama ya gyara zama ya ce, "To 'yata, ai ba sayarwa ya yi ba. Ko kwabo bai karɓa ba. Tsaraba ce."

"Baba Bulama, doka ba ta san tsaraba ba," in ji ta. "Ciyawar ma ba ta sani ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ta tambaya wa ke kula da ruwa a nan, aka nuna ni. Ta ce yaushe kogi ke cika? Na ce rediyo ta fara cewa dam-dam na sama sun ƙoshi, an kusa sako ruwa. In ya iso, duk wani rami da kududdufi da ke ƙasar nan zai zama ɗaya da kogi.

"To kafin ya iso," in ji ta, "sai mun tattara ta duka mun ƙone. Duka. In ta shiga kogi, mashiginku ne farkon abin da za ta rufe, kuma adda ba ta saranta."

Game da Alhaji, ta ce maganarsa tana gaba: akwai kotu, akwai lasisinsa na shigo da kaya. Nauyin abin kuwa ya danganta da ko ciyawar ta kai kogi ko ba ta kai ba.

Bulama ya sa aka yi shela. Malama Zulfa da mutanenta suka shiga gida-gida da jarkoki. Abin da suka samu bai cika bokiti ba. Wannan ta ce ai tata ta mutu. Wancan ya ce agwagi sun cinye har saiwa. Wani ya ce bai ma san ana rabawa ba, alhali ni na ga kwanonsa a layi. Wasu na ganin gwamnati ce ta ga abu mai kyau za ta ƙwace ta sayar musu. Amma yawancinsu ba wannan ba ne. A wajenmu mayar wa mutum tsarabarsa zagi ne. Kamar ka ce masa ba ka yi da shi, ba ka yi da zuri'arsa. Mutanen da Alhaji ya gina wa masallaci ba za su miƙa wa baƙuwa kyautarsa a jarka ba.

Na sami Alhaji a zauren Bulama yana ta danna waya. Na ce, "Kai ka bayar, kai za ka karɓo."

Ya ɗago. "Shu'ibu, ka san abin da kake faɗa? Ni in tsaya ƙofar gidan mutum in ce ba ni abin da na ba ka? Ubana bai yi ba."

"Ubanka bai kawo ciyawa a kula ba."

"Ka dai ji daɗi maganarka ta fito."

"Daɗin me? Shinkafata a fadamar take, ba a Haɗejiya ba. Tashi, Alhaji. Hadarin can ba jiranka yake ba."

Ya tashi. Na riƙe jarka, shi yana gaba, Malama Zulfa na bayanmu. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Ku yi mini afuwa, na zo karɓar abin da na kawo muku. Kuskure na yi." Mai gida ya sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar. Sannan a fito da baro daga bayan ɗaki, daga ƙarƙashin rumbu, har daga banɗaki. Wata tsohuwa ta fashe da kuka kamar an yi mata rasuwa.

Malama Zulfa ce ta gane cewa tambaya ɗaya ba ta isa ba. Tsaraba ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Wanda aka ba shi ma sai ya ɗiba ya ba maƙwabci, ya aika wa suruki. Saboda haka a kowane gida sai ta ƙara da cewa, "Wa kuka ba?" Haka muka yi ta bin sawu, daga gida zuwa ruga, daga ruga zuwa unguwar masunta.

Baƙo ya rantse tasa ta bushe. Na dubi shanunsa, na dubi bakinsu, na ga kore a leɓen wata karsana. Na bi sawun kofato har bakin jinga. A can, cikin duhuwar geza, tsohon jirgi ne ya cika da ruwa, badariya fal a ciki har tana zuba ta gefe. Tsakaninsa da bakin mashigi bai fi jifa ba.

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba.

"A nan? A nan ka ga ya dace, Baƙo?"

"Sake ni, mahaukaci! Kai ka taɓa kallon saniya tana mutuwa a tsaye don yunwa? Bana ko ɗaya ban rasa ba. Ko ɗaya!"

Na sake shi, don gaskiya ya faɗa. Muka kwashe jirgin tas, muka janyo shi tudu muka kifar, muka bi ƙasa a durƙushe muna tsince ganye ɗaya-ɗaya kamar masu tsintar riɗi. Baƙo ya tsaya yana kallo. Can sai ya durƙusa shi ma, yana tsinta yana zagina.

Gidan ƙarshe shi ne na Gwaggo Zainaba, ƙanwar mahaifin su Alhaji da Binta. Asalinsu Fulanin daji ne da suka zauna, ita kuwa Gwaggo har yau ba ta saki ko ɗaya daga al'adunsu ba. Ta riga ta ji labari. Muka tarar ta zuba tata a sabuwar ƙwarya ta rufe da faifai, kamar mai kai gara. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga hannu.

"Kada ka faɗa, Badaru. Ɗauki abinka."

Ya ɗauka. Malama Zulfa ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Gwaggo, wa da wa kika ba?"

Ta lissafa: Mairo ta gidan kusa, matar Liman, mai yi mata kitso. Duk mun riga mun je gidajensu.

"Shi ke nan, Gwaggo? Ba wani kuma?"

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa. "Ba wani."

Na ga ta dubi ƙasa, amma tsofaffin matanmu kullum ƙasa suke duba a gaban suruki. Muka fita.

Aka haƙa rami a tudun bayan gari, aka juye komai, aka zuba fetur. Ta daɗe ba ta kama ba, tana ta hayaƙi fari mai ƙarni. Aka binne tokar. Malama Zulfa ta ce mun yi ƙoƙari, za ta rubuta cewa an shawo kan abin kafin ya kai ruwa. Alhaji ya mayar da hularsa. Motar ta tafi.

Bayan nan kogi ya fara canza launi. Ya yi ja, ya fara kawo karmami da kumfa. Kullum da safe nakan je in duba sandar da na kafa a bakin mashigi, kullum in tarar ruwa ya ɗan hau ta. Kwaɗi suka yi shiru. Gabas kullum a haɗe take baƙi ƙirin, amma ba iska. Ni dai na ce ruwan ya zo, mun shirya.

Wata ranar Laraba da hantsi ina shan koko a tsakar gida, Binta na tankaɗe. Ta huce da ni tun ranar da ta ga yayanta da hula a hannu, ban san dalili ba. Ta ce, "Ka ga agwagin da aka aiko wa Gwaggo jiya? Tubarkalla, kamar raguna. Yaya Adila ce ta aiko, wai godiya. Ta ce badariya ta karɓe su."

Na ajiye ludayi.

Adila ita ce 'yar farin Gwaggo Zainaba. Tunda nake ban taɓa jin Gwaggo ta kama sunanta ba. Kunyar ɗan fari ke nan: ba ta kiran sunanta, ba ta zancenta a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce "waccan". Adila kuwa tana aure a wani ƙauye ta wajen Auyo. Wato sama da mu. Duk ruwan da zai zo mana sai ya bi ta bayan gidansu.

Na ce, "Gwaggo ta aika mata?"

"To da fa? Za ta sami abu mai kyau ta ba mai kitso ta hana 'yarta?"

"An tambaye ta a gabana. Ta ce ba wani."

Binta ta dube ni kamar na faɗi abin wauta. "A gaban Yaya Alhaji da kai da baƙuwa za ta kama sunan 'yar fari? Kai ma dai." Sai kuma ta tsaya, rariya a hannu. Na ga maganar ta isa kanta. Ta ce, "Innalillahi."

Ko takalmi ban sa ba na isa gidan Gwaggo. Tana zaune tana ba agwagin tsaki. Ban ma gaishe ta ba, Allah ya yafe mini.

"Gwaggo, kin ce ba wani."

"Ba wani."

"To agwagin nan fa?"

Ta juya mini gefe. Ta ci gaba da watsa tsaki. Sannan ta ce da agwagin, ba da ni ba, "An tambaye ni wani. Waccan wani ce?"

Ba ƙarya ta yi ba a wajenta, kuma ko wuƙa aka sa mata a wuya haka za ta amsa.

Na kira Alhaji, ya kira Malama Zulfa. Lambar Usaini mijin Adila ba ta shiga. Muka haɗu a Haɗejiya muka ɗauki hanyar Auyo. Inda kwalta ta ƙare ruwa ya riga ya yanke hanya, mota ta tsaya. Muka hau babur, babur ya kafe a taɓo, muka shiga jirgi. Muna tafe muna wuce gonakin dawa da ruwa ya kai musu wuya. Alhaji yana jan carbi, bakinsa na motsi, babbar rigarsa ta jiƙe har cinya.

Usaini muka tarar a bakin gari suna ɗora buhunan yashi. Da ya ga Alhaji ya washe baki ya taho da hannu biyu.

"Alhaji da kansa! Ai kuwa mun ga tsaraba, Allah ya saka. Wallahi abin nan albarka gare shi, baro ya yi mata kaɗan, randa ta yi mata kaɗan, sai na kai ta kududdufin bayan gari inda muke ɗibar ƙasar gini. Ka zo ka gani, ta rufe shi kaf, kamar an shimfiɗa dardumar masallaci."

"Kai mu," in ji Malama Zulfa.

Ya wuce gaba yana ta bayani. Muka zaga bayan wasu rumbuna, muka hau ɗan tudu. Sai ya tsaya.

Ba kududdufi. Jan ruwa ne shimfiɗe tun daga ƙafarmu har inda ido ya ƙare, yana tafiya a hankali, ya nufi gabas. Ko ganye ɗaya babu a kansa.

"Ikon Allah," in ji Usaini. "Da asuba fa a nan take, fal." Ya sosa ƙeya, ya juyo yana ɗan murmushin jin kunya. "Ruwa ya tafi da ita, Alhaji. Ko za a samo mana wani irin?"

Alhaji Badaru ya zauna a taɓo, da rigarsa da komai. Malama Zulfa ta koma gefe ta yi waya mai tsawo. Da ta dawo ta ce masa, cikin ladabi, maganar ta fi ƙarfin ofishinta yanzu, gobe ya zo da lauyansa. Bai ɗago ba. Sannan ta juyo gare ni.

Na ce, "In mun tare bakin mashigi da komar kamun kifi fa?"

"Idon koma ya yi mata faɗi. Ko da gidan sauro kuka tare, za ku kama dubu, ɗaya ta wuce. Ɗayar ta isa. A kogi ruwa na gudu, yana iya wucewa da mafi yawanta. Fadamarku kuwa ruwa kwance yake. Abin da take so ke nan."

"To me ya rage?"

Ta dube ni. Ta san na sani: sai dai a rufe mashigi.

Na ce, "In na rufe, yaushe zan buɗe?"

"Malam Shu'ibu, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban sani ba."

Na iso gida bayan la'asar, na wuce wajen Bulama kai tsaye. Aka buga ganga, gari ya taru a kan jinga. Daga nan kana ganin fadamar duka, shinkafa kore shar, ta fara ɗaukar ciki, ruwan kogi kawai take jira. Ga shi kuwa ya iso bakin ƙofa, yana shigowa a hankali.

Na faɗa musu abin da muka gano, na ce sai an rufe mashigi. Hayaniya ta tashi. Wani ya ce ai ba a ga komai ba tukuna. Wani ya ce wa zai ciyar da 'ya'yansa in shinkafa ta ƙone a tsaye? Wani ya ce ni da aka sa in buɗe hanya, ni ne yau zan toshe ta, lallai duniya ta zo ƙarshe. Na ce duk gaskiya ne. Na ce bana za mu rasa shinkafa, ban ɓoye muku ba, tawa gonar ce ma ta farko a bakin mashigi. Amma in abin nan ya shiga, ba bana kaɗai ba ne.

Bulama ya dubi ruwa. Baƙo ne ya ratso mutane ya zo gabana.

"Kai ka gan ta da idonka a kogin?"

"Ban gani ba."

"To a kan abin da ba ka gani ba za ka kashe mana shekara?"

Kafin in amsa, Mairo maƙwabciyar Gwaggo, da ke tsaye a bakin ruwa da tulu, ta ce, "Wannan fa?"

Ta miƙo hannu. A tafinta ganye ne guda, bai fi kunnen ɓera ba, da ɗan gashi-gashi a sama. A wuyan tulunta ya maƙale.

Kowa ya juya ya dubi yamma. Rana na faɗuwa a kan ruwan, sai ka kare ido da hannu. A can inda kogi ya yi kwana, gefe-gefe, akwai wani siririn layi da ba ja ba.

Na sauka cikin mashigi, ruwa ya kama ni iya ƙugu, yana turo ni ciki. Na ɗaga kai na ce a miƙo mini buhu. Ba wanda ya motsa. Sannan na ji an yi tsaki mai ƙarfi, Baƙo ya sunkuya ya ɗago buhun yashi ya dire mini a kafaɗa.

"Riƙe, sarkin adda," in ji shi. "Allah ya isa tsakanina da kai."

Na danna buhun ƙasa na taka. Aka miƙo na biyu.

Kafin magariba mun rufe Mashigin Gana. A cikin fadama ruwa ya tsaya cak. A waje kuwa, jikin buhunan, ganyayyakin sun fara taruwa ɗaya bayan ɗaya, suna ɗan juyawa a hankali, suna taɓa buhu suna komawa, kamar baƙin da suka yi sallama suna jira a ce su shigo.